Kuzar Filato: Yadda Aka Tace Ta da Abin da Ta Bari a Ƙasa



Gabatarwa

Duk matafiyin da ya tashi daga Jos ya nufi Bukuru, ya zarce Barikin Ladi, zai riƙa ganin tuddai na jar ƙasa jere a gefen hanya, kusa da kowane tudu kuwa akwai kududdufi mai zurfi wanda ba ya ƙafewa ko da tsakiyar rani. Baƙo yakan ɗauka haka Allah ya halicci wurin. Alhali kuwa aikin hannun mutum ne, domin ragowar haƙar kuza ce wadda kamfanonin Turawa suka yi wajen shekara tamanin suna yi a kan tsaunin Filato.

Wannan lacca za ta duba yadda ake raba kuza da ƙasar da take ciki, tun daga zamanin maƙeran Liruwe har zuwa zamanin injuna, sa'an nan ta bi sawun abin da kowane mataki na aikin ya bari a baya. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, sharar da ta fi ƙanƙanta a ido, watau baƙin yashin da ke fitowa daga gidajen tacewa, ita ce ta fi hatsari, kuma hatsarin nata ya ƙaru domin jama'ar da ke zaune da ita ba su da wani suna da suke kiran cutar da ke cikinta.

Kafin a shiga magana ya kamata a daidaita kalmomi biyu. Kuza ita ce baƙar tsakuwa mai nauyi da ake wankowa daga ƙasa. In an narka ta sai a sami wani farin ƙarfe mai taushi. Bahaushe yakan kira wannan ƙarfe dalma, kuma da wannan suna ne yake kiran wani ƙarfen dabam, mai duhu, wanda ake yin harsashi da batir da shi. Na farkon da shi ake shafe cikin gwangwanin abinci don kada ya yi tsatsa, na biyun kuwa guba ne. Saboda haka a nan za a riƙa kiran ƙarfen kuza farar dalma, ɗayan kuma baƙar dalma.

Asalin Kuza da Aikin Maƙeran Liruwe

Kuza tana cikin duwatsun da suka kewaye Jos tun fil'azal. Ruwan sama da zafin rana suka yi ta marmasa duwatsun shekaru aru-aru, rafuka suka kwashe garin dutsen suka gangara da shi. Da yake kuza ta fi yashi nauyi fiye da ninki biyu da rabi, sai ta riƙa kwantawa a gindin rafi, yashi kuwa ya wuce. Da tafiya ta yi tafiya waɗansu rafukan suka sake hanya, ƙasa ta binne tsofaffin hanyoyinsu tare da kuzar da ke ciki. Wannan nauyi nata shi ne mabuɗin dukan aikin: kowace dabara ta tace kuza, tun daga ƙwarya har zuwa inji, kwaikwayon aikin rafi ce.

Tun kafin zuwan Turawa akwai Hausawa masu wannan sana'a a Liruwen Kano, garin da yanzu aka fi sani da Ririwai, a kudancin ƙasar Kano. A cikin ƙarni na 19, da hare-haren Ningawa suka tsananta, waɗansunsu suka ƙaura zuwa ƙasar Bauci suka kafa Liruwen Dalma. Sunan garin kansa ya isa shaida. Masu wanki kan tsaya a rafi da ƙwarya, su ɗebo tsakuwa su yi ta juyawa cikin ruwa har yashi ya zube, baƙar kuza ta rage a gindi. Daga nan sai a kai wa masu narki, su zuba ta da gawayi cikin tanderun yumɓu, a yi ta zuga da zugazugi har ƙarfen ya tsiyayo. Sukan zuba narkakken ƙarfen cikin 'yan ramuka da suka yi da tsinken ciyawa a jikin yumɓu, ya daskare ya fito siri-siri kamar tsinke, a ɗaure shi dami-dami. Fatake su kai kasuwanni, maƙeran farfaru su saya su yi kayan ado da kwanoni.

Wannan aiki ma yana da tasa ɓarnar, domin gawayi itace yake ci, kuma kashin ƙarfe yakan taru a bakin tanderu. Amma ƙarfin mutum da ƙwarya yana da iyaka, ramin da aka tona bana damina biyu ko uku ta isa ta cike shi.

Zuwan Kamfanoni

Waɗannan tsinkayen farar dalma su ne suka kai labari. Ma'aikatan Kamfanin Neja suka gan su a kasuwannin bakin Binuwai, suka shiga neman inda suke fitowa. A 1902 kamfanin ya aiko da masu bincike, a 1903 kuma Kanar Laws ya iso da tawagarsa ya sauka a Tilden Fulani, daga baya ya kafa sansani a Naraguta, kusa da kogin Dilimi. Wajen 1910 labarin kuzar Nijeriya ya game kasuwar hannun jari ta Landan, kamfanoni suka yi ta ɓullowa kamar tururuwa.

Dokar mulkin mallaka ta mai da dukan ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa mallakar gwamnati, ita ke ba kamfani izinin haƙa. Kamfanin Neja kuwa, bisa yarjejeniyar da aka yi da shi lokacin da aka karɓe mulki daga hannunsa a 1900, an yanka masa rabin harajin ma'adinai na tsawon shekara 99, ya yi ta karɓa har wajen 1950 da gwamnati ta fanshi wannan haƙƙi. Rafukan da mutanen Liruwen Dalma ke wanki suka faɗa cikin filayen da aka ba kamfanoni, sana'arsu ta yi ta ja da baya har ta mutu. Daga nan sai aka koma fitar da kuza ɗanya zuwa Ingila a narka ta can. Da fari 'yan dako ke ɗaukar ta a ka har Loko a bakin Binuwai, tafiyar kusan mil 200. A 1914 ƙaramar hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta iso Bukuru, a 1927 kuma babbar hanya ta iso Jos ta Kafancan. Ba a sake narka kuza da yawa a ƙasar nan ba sai farkon shekarun 1960, da aka buɗe masana'antar Makeri a Jos.

Matakai Uku na Aikin

Matakin farko shi ne buɗe rami. Tun da kuzar tana kwance a tsohuwar hanyar rafi, sai an kwashe duk ƙasar da ke bisanta tukuna. A farkon zamani leburori ke wannan aiki da diga da shebur da kwanon sarki, maza na sara, mata da yara na ɗauka. Mafi yawan leburorin farko Hausawa ne da sauran mutanen Arewa da ke zuwa cin rani don su sami kuɗin haraji, su ne kuma suka cika barikokin da suka zama garuruwa a yau. Bayan an kafa tashoshin lantarki a magangarar ruwa ta Kwall da ta Kurra a cikin shekarun 1920, sai manyan kamfanoni suka kawo famfuna masu feshin ruwa da ƙarfin da ke rushe gaɓa, da injuna masu zuƙo taɓo da tsakuwa, daga baya kuma da manyan injunan tono masu dogon wuya. Ƙasar da aka kwashe ita ce tuddan da ake gani, ramin kuma shi ne kududdufin.

Mataki na biyu shi ne wanki. Akan kwararo tsakuwar da ruwa ta cikin doguwar magudana ta katako ko ta siminti wadda aka gindaya wa 'yan sanduna a gindi. Abu mai nauyi ya maƙale a bayan sandunan, yashi da laka su wuce. Kuzar da ke cikin tulin ƙasa kaɗan ce ƙwarai, saboda haka kusan duk abin da aka tono shara ne, kuma a rafi ake sakin sa. Rafukan Filato suka yi ja, laka ta cike fadamu ta binne gonakin da ke ƙasa da wurin aiki.

Mataki na uku shi ne tacewa, kuma a nan ya kamata a tsaya a lura. Abin da ya maƙale a magudana ba kuza ce zalla ba. Duk wata tsakuwa mai nauyi da ke cikin dutsen ta maƙale tare da ita, ciki har da kwalambait da zirkon da monazayit. Ruwa ba ya iya raba su domin nauyinsu ya yi kusa da juna. Sai a shanya garin, a kai gidan tacewa, a bi da shi ta ƙarƙashin maganaɗisu mai ƙarfi wanda ke janye waɗansu ya bar waɗansu, sa'an nan a bi da ragowar ta injin da ke rarrabe su da wutar lantarki. Kuzar da ta fito, wadda kashi 70 da 'yan kai cikin ɗari nata farar dalma ce, sai a ɗura a buhu. Sauran kuwa a tara a bayan gida.

Shekarar da aikin ya kai ƙololuwa ita ce 1943, lokacin da aka fitar da fiye da tan 17,000. Dalili kuwa shi ne Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar mahaƙarta ana tsakiyar yaƙi. Gwamnati ta kafa aikin tilas daga 1942 zuwa 1944, aka ɗebo dubun dubatar talakawa daga lardunan Arewa ta hannun sarakuna da hakimai. Mutanen da suka saba da zafin Sakkwato da Katsina da Barno aka kawo su tudun da ya ɗara mita 1,200, ba bargo, ba isasshen abinci, ɗaruruwa suka mutu da sanyi da ciwon haƙarƙari. Bill Freund ya bayyana wannan zamani filla-filla a littafinsa na tarihin jari da ƙwadago a mahaƙan kuzar Nijeriya, wanda ya fito a 1981. A cikin shekarun 1950 kuma, da Amurka ta shiga sayen kwalambait don ƙera ƙarfen injin jirgin sama, sai abin da aka zubar jiya ya zama dukiya, aka koma tsofaffin juji aka sake tace su, Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi. Daga shekarun 1970 kuzar da ke kusa da sama ta ƙare, hankalin gwamnati ya koma kan man fetur. Da kasuwar farar dalma ta duniya ta rushe a watan Oktoba na 1985, manyan kamfanoni suka naɗe tabarmarsu.

Gadon da Ido Ke Gani

An ƙiyasta ƙasar da haƙar kuza ta lalata a kan Filato ta kai murabba'in kilomita 320, mafi yawanta a yankin Jos da Bukuru da Barikin Ladi, kududdufai kuwa sun haura dubu. Asarar ta fi faɗawa kan Birom, domin fadamunsu da gonakinsu na acca ne aka tone, diyyar da aka ba su kuwa ta amfanin gona ce ta 'yan shekaru, ƙasar kuma ta tafi ke nan. Ƙasar noma tana a sama ne, kaurinta bai wuce taki ɗaya ko biyu ba. Injin tono ya kifar da ita ƙasa, ya ɗora jar ƙasa marar taki a kanta. Irin wannan tudu ciyawa ma da ƙyar take kama shi, ruwan sama kuwa ya yi ta zaizayar sa yana yanka kwazazzabai.

Dokar ma'adinai ta 1946 ta ba gwamnati ikon tilasta wa kamfani ya gyara wurin da ya tone, a ƙarshen shekarun 1940 kuma aka kafa wani sashe na musamman don farfaɗo da irin waɗannan filaye. Aka baje waɗansu tuddai aka dasa itatuwan turare, su ne kurmin turaren da ake gani a gefen Bukuru. Sun ba da itacen wuta da na gini, amma binciken da aka yi daga baya ya nuna ba su mai da wa ƙasar ƙarfinta na noma ba, kuma abin da aka gyara ɗan kaɗan ne a cikin abin da aka ɓata.

Gaskiya ta wajabta a faɗi alherin da ya fito daga cikin ɓarnar. Kududdufan sun zama rumbun ruwa. Tsofaffin leburori Hausawa, waɗanda suka san noman lambu tun daga gida, su ne suka fara ban ruwa a bakinsu, 'yan ƙasa suka koya suka ɗauka, yau kuwa tumatir da kabeji da karas da latas na Filato suna kai wa har Abuja da kudancin ƙasar nan. Haka kuma a cikin ramin kuza ne aka tsinci gumakan yumɓu na Nok, na farko a 1928, wani kuma a 1943 wanda ya kai hannun Bernard Fagg, abin da ya kai ga buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Duk da haka kududdufan nan suna cin mutane da dabbobi, domin gaɓarsu a tsaye take, gindinsu kuma laka ce. Masu haƙar loto, watau 'yan ƙananan rijiyoyin da matasa ke tonawa da hannu suna bin ragowar kuza, su ma rami yakan rufta da su.

Gadon da Ido Ba Ya Gani

A koma ga tulin da aka bari a bayan gidan tacewa. Monazayit da zirkon suna ɗauke da toriyam da yuraniyam, ma'adinai biyu da ke fitar da wani irin tiriri wanda ba a gani, ba a jin ƙanshinsa, ba ya kuma ƙona fata nan take, amma yana ratsa jiki. Sa'ad da suke warwatse cikin dutse, ƙwaya nan ƙwaya can, tiririnsu kaɗan ne. Wanki ya tattara su, maganaɗisu ya ƙara tattarawa, har abin da ke bazu cikin ƙasa mai yawan gaske ya dunƙule a tuli guda. Watau aikin da ya tsarkake kuza shi ne ya kaurara gubar da ke cikin shararta. Masana kimiyya na jami'o'in ƙasar nan da suka auna irin wannan tuli a Jos da Bukuru sun sami tiririnsa ya ninka na ƙasar gona sau da yawa.

Cutar tana shiga ta hanya uku. Akwai tiririn da ke bugun wanda ya daɗe kusa da tulin. Akwai ƙurar da mai shanya da mai sheƙa da mai ɗura buhu ke shaƙa, ta zauna a huhu. Akwai kuma wata iska mai suna radon da ke tashi daga yashin, wadda in a fili ne sai ta baje, in kuwa a cikin ɗaki ne mai rufaffiyar taga sai ta taru. Daɗewa cikin waɗannan yana ƙara hatsarin kamuwa da sankara, musamman ta huhu, kuma sai bayan shekaru masu yawa take bayyana, lokacin da ba mai tuna inda aka gamu da ita. Yashin nan kuwa mai laushi ne, ga shi a tare, ga shi kyauta, don haka mutane suka riƙa ɗiba suna yaɓe da daɓe da buga bulo, yara suna wasa a kansa. Jira ba ya maganinsa, domin toriyam sai ya shekara wajen miliyan dubu 14 kafin rabin ƙarfinsa ya ragu.

A nan ne maganar harshe ta shigo. Zamanin aikin kuza ya bar wa Hausa kalmomi irin su lebura da bariki da diga da shebur, duk na aiki da biyan lada. Bai bar sunan wannan cuta ba, domin waɗanda suka san da ita ba su ga dalilin gaya wa lebura ba. Uwa takan hana ɗanta zuwa bakin kududdufi saboda ta san sunan nutsewa. Ba za ta hana shi wasa da yashi ba, tun da a saninta yashi yashi ne.

Abin da ya auku a Zamfara a 2010 ya nuna inda irin wannan rashin sani ke kaiwa. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum masu neman zinariya suka riƙa kawo dutse cikin gida suna daka shi a turmi, suna niƙa shi a injin niƙan hatsi. Dutsen yana ɗauke da baƙar dalma, ƙurarsa ta game tsakar gida, yara fiye da 400 suka rasu. Gubar ta Zamfara dabam take da ta Filato, kuma tana kisa da sauri, amma hanyar ɗaya ce: an kawo aikin tace ma'adini inda ake dafa abinci da renon yara. Maganin da aka yi a can shi ne kankare ƙasar gidajen, aka binne ta nesa, aka zuba sabuwa. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Kammalawa

Haƙar kuza ba ta ƙare a Filato ba. Ta koma hannun ƙananan masu haƙa da ƙananan gidajen tacewa, waɗansu a tsakiyar unguwa, kuma monazayit da aka zubar dā yanzu yana da masu saye, don haka ana sake tone tsofaffin tuli da hannu. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai haƙa ya gyara wurin da ya ɓata, ta kuma tanadi asusu don haka. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kamfanonin da suka ci ladan sun watse, amma gwamnati ta karɓi haraji a kan kowane tan, saboda haka askin ya rataya a wuyanta.

Abubuwa huɗu ne suka fi gaggawa. Na ɗaya, a auna tsofaffin gidajen tacewa da gidajen kwana da makarantun da ke kewaye da su, a san inda tulin yake da inda aka kai shi. Na biyu, a kwashe wanda ke cikin unguwa a binne shi a wurin da aka killace, a hana gini da shi. Na uku, a fitar da gidajen tacewa daga cikin gari, a riƙa jiƙa garin ma'adini don rage ƙura, ma'aikaci kuma ya wanke jiki ya sake tufafi kafin ya koma cikin iyalinsa. Na huɗu ya shafi jami'a kai tsaye: malaman kimiyya da malaman harsuna su zauna tare su raɗa wa wannan cuta suna da Hausa da Birom da sauran harsunan Filato, suna mai sauƙi wanda za a faɗa a rediyo da kasuwa da masallaci da coci, mai gini ya ji ya gane, uwa ta ji ta hana ɗanta. In kunne ya ji, jiki ya tsira.